Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin ƙungiyarmu ta masu kiwon zuma: a cire kwaɗon da ke jikin kabad ɗin littattafai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Shugaba, Malam Sakatare, Alhaji Ma'aji, da sauran iyayenmu dattawan kwamiti, ina gaishe ku da ɗawainiya. Ruwa ya ɗauke, kowa ya shiga gyaran amya, Allah ya sa waɗanda za a ɗaura bana su samu baƙi da wuri.

A taron da ya wuce an kawo shawarar cewa daga yanzu duk mai son aron littafi a kabad ɗin ƙungiya sai ya ajiye sefa 5,000 jingina, makulli kuma ya ci gaba da zama a hannun mutum ɗaya. Na ɗaga hannu zan yi magana, sai magariba ta kawo jiki aka tashi. Shi ya sa na rubuto kafin a yanke hukunci a taro mai zuwa. Na rubuta a fili ne saboda ba mu kaɗai ke da irin wannan kabad ba. Daga Ngaundere zuwa Maiganga, zuwa Tibati da Banyo, ƙungiyoyi nawa aka bai wa littattafai a wani horo, suka kulle su don gudun ɓata? Na san abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma na san amanar dukiyar jama'a kuke tsoro. Duk da haka ina roƙonku kada ku amince da wannan shawara.

Ina wurin ranar da aka buɗe kabad ɗin don a ƙirga abin da ke ciki. Littafi 41 aka rubuta a rajista, 38 aka samu. Uku sun tafi da masu aro ba su dawo ba, kuma a kansu ake wannan magana. Amma ku tuna abin da muka gani da aka janye kabad daga jikin bango. Gara ta gina hanyarta ta ƙasa tun daga daɓe, ta shiga ta bayan katako. Babban littafin nan mai hotunan cututtukan zuma, da Malam Sakatare ya ɗaga shi, bango kawai ya zo a hannunsa, cikin ya zube kamar dusa. Wasu sun manne da juna saboda laimar damina, sun yi funfuna, ba a iya raba shafi da shafi. Muka ƙirga bakwai da ba za su sake karantuwa ba. Masu aro sun ɓatar mana da uku a shekara shida. Kwaɗo ya ɓatar da bakwai a damina biyu, tun da aka daina buɗewa a kai a kai. A garin da ake kwashe wata bakwai ana ruwa, littafin da hannu ba ya taɓawa gara ce ke karanta shi.

Sannan ku dubi wanda jinginar za ta kora. Mai amya 200 da ke loda jarkoki a jirgin ƙasa zuwa Yawunde ba zai ji sefa 5,000 ba, amma shi ba ya zuwa aro. Wanda ke zuwa shi ne yaron da ya fara da amya biyar, ko magidancin da ba zai ga kuɗi a hannunsa ba sai an fara ɗiban zuma wajen Maris, ga kuɗin makarantar yara bai gama biya ba. Shi za a ce ya ajiye kuɗi a Nuwamba, daidai lokacin da ya fi bukatar karatun, domin yanzu ne ake shirya amya. Garin neman gira za mu rasa ido.

Ku ba ni dama in faɗi abin da kabad ɗin nan ya yi mini, domin ba labari na ji ba.

Kiwon zuma na gāda. Tun ina ɗan shekara goma nake bin mahaifina, Allah ya jiƙansa, daji da daddare. Shi ya hau bishiya da damin ciyawa mai ci da wuta, ni ina ƙasa riƙe da igiya da bokiti, ina jin gurnanin zuma a saman kaina, ina jin yadda suke faɗowa a ƙone kan ganye. Abin da ya sauko da shi duka muke haɗawa: saƙa mai zuma, saƙa mai 'ya'ya, wadda aka liƙe da wadda ba a liƙe ba. A gida a matse, a tace da tsumma, a ɗura a jarka. Wata shekara, bayan rasuwarsa, na ɗura jarka huɗu na ajiye ina jiran farashi ya tashi. Bayan 'yan makonni maiɗakina ta kira ni in zo in gani. Jarkokin sun kumbura kamar cikin akuyar da ta ci rogo, ɗaya ta tunkuɗe murfi, kumfa na bin jikinta har ƙasa, ɗakin yana tsami. Wahalar shekara guda ke nan. Na ce baki ne, wani ya ce maƙiya ne, wani ya ce jarkar ce ba a wanke ba.

Sai da na ari wani ɗan siririn littafi a kabad ɗin nan, a lokacin da yake buɗe, na gane abin da ya faru. Abin da ƙudajen zuma ke kwasowa daga fure yawancinsa ruwa ne. Su ne ke busar da shi a cikin amya, suna fifita da fikafikansu, sai ya yi kauri sannan su liƙe bakin kowane rami da kaki. Liƙewar nan ita ce shaidar ta nuna. Zumar da ruwan cikinta ya haura kashi 20 cikin 100 tana iya tsami ta yi kumfa, kuma wannan adadin ne ma'aunin da kasuwar duniya ke bi. Ni kuwa na yi gaggawa, na kwaso wadda ba a liƙe ba na gauraya da nunanniya, na ƙara da ruwan jikin 'ya'yan da na matse. Shafi biyu ne kacal. Na karanta su sau uku a bakin shagona, ina tuna ɗakin nan mai tsami. Tun daga ranar, bokiti biyu nake zuwa da su daji, kuma ban sake zubar da jarka ba. Da a lokacin an ce in ajiye sefa 5,000, wallahi ba ni da ita, domin ta tafi a kumfa.

A littafin ne kuma na ga cewa kakin da muke zubarwa bayan an matse dukiya ce. Na koyi narka shi a cikin ruwa maimakon ɗora shi kai tsaye kan wuta, na koyi cewa tukunyar baƙin ƙarfe tana duhunta shi, ta sanholo ko ta silba ba ta yi. Mutanen Ngaundal sun riga mu gane wannan, shi ya sa kakinsu ya yi suna har ana fitar da shi waje. A gidana yanzu maiɗakina ce mai wannan aiki, kuma ta fi ni iyawa nesa ba kusa ba.

To amma kada in yi muku ƙarya: ba duk abin da ke cikin kabad ɗin ne zai amfane mu yadda yake ba, kuma a nan ne ainihin maganata take.

Yawancin littattafan nan da Faransanci aka rubuta su, don mutanen Faransa da zumar Faransa. Za ka buɗe ka tarar da babi guda a kan yadda ake lulluɓe amya saboda ƙanƙara, da yadda ake ciyar da zuma sukari ta ƙetare hunturu. Mu a kan tudun Adamawa, ko da sanyin Disamba ya kai inda ya kai, zumarmu tana fita kiwo. Matsalarmu daban ce: kwarkwasa da ke iya tashin amya a dare ɗaya, dage da ke fasa ta, tsutsar da ke cin saƙa idan zuma ta yi rauni, gobarar daji, feshin maganin ƙwari a gonar maƙwabci, sai kuma halin zumarmu na tattara nata ya nata ta bar gida idan an dame ta ko abinci ya yanke. Zumar Turai ba kasafai take yin haka ba, don haka littafinsu bai damu da shi ba. Tamu, wadda masana ke kira adansonii, ta fi tasu ƙanƙanta, ta fi zafin rai, ta fi saurin ƙaura.

Ƙanƙantar nan ta taɓa jawo mini asara. Da na yi sha'awar amyar katako mai sanduna a sama, irin wadda aka fito da ita a Kenya a farkon shekarun 1970, na ɗauki awo daga wani littafin Faransanci na kai wa kafinta, ya yanka mini sanduna masu faɗin milimita 35. Zuma ta shiga, na yi murna. Da na zo ɗaga sanda ɗaya in duba, sai uku suka taso tare, saƙar ta gitta daga wannan zuwa wancan, ta karye ta faɗa ciki, zuma ta taso mini. Shan zuma sai da harbi, amma wannan harbin na banza na sha. Daga baya wani abokinmu ya nuna mini wata 'yar takarda da aka rubuta don Afirka: zumarmu milimita 32 take so. Milimita uku ce tsakanin amya mai aiki da akwatin banza. Asalin ilimin ɗaya ne. Wani limamin coci a Amurka mai suna Langstroth shi ya lura a 1851 cewa zuma tana barin 'yar hanya ta wucewa, tsakanin milimita 6 zuwa 9. In ta fi haka faɗi sai ta cike da saƙa, in ta kasa sai ta toshe da danko. Duk amyar zamani a kan wannan aka gina ta. Sai dai jikin zumar da ke bi ta hanyar ba ɗaya ba ne a ko'ina.

Abin da na koya shi ne, littattafan nan ba na mutum ɗaya ya kulle kansa a ɗaki ya karanta ba ne. Sai an karanta su a gaban wanda ya san dajin nan, ya ce wannan haka ne, wannan ba haka yake a wurinmu ba.

Kun tuna yammacin da ruwa ya tsare mu bayan taro, wani ɗalibi cikin 'ya'yan ƙungiya ya ɗauko littafi yana karantawa yana fassarawa? Ya zo inda aka ce babbar zumar nan da muke kira sarki mace ce, ita ce uwar duk na cikin amya, tana iya yin ƙwai sama da 1,500 a yini, kuma duk masu fita kiwo da masu harbi mata ne, mazan ba su da ƙari ma. Wani dattijonmu, wanda ya fi shekara 50 yana hawa bishiya, ya ce sam, sarki sarki ne. Aka yi ta ja. Sai malamin da ke cikinmu ya jawo Suratun Nahli, sura ta 16, aya ta 68 da ta 69, ya nuna cewa umarnin da aka yi wa zuma a can, na ta riƙi gidaje a duwatsu da bishiyoyi, ta ci daga 'ya'yan itatuwa, duk da lafazin mace ya zo. Dattijon ya yi shiru, ya ce Allahu akbar. Can kuma da ɗalibin ya karanta cewa ana kama taron zuma a bazarar Turai, shi dattijon ne ya tare shi. Ya ce a nan ka duba maje. Ya lissafa mana yadda furanni ke bin juna a rani, mangwaro, maje, kaɗanya, ɗorawa, namijin kaɗanya, da wadda zumarta ke fitowa da duhu da wadda ke fitowa garau, da yadda yake gane amya ta yi nauyi daga yanayin shige da ficen zuma a ƙofa ba tare da ya hau ba. Ya faɗi abin da yake shafawa a cikin sabuwar amya da abin da yake turara ta da shi. Ɗalibin ya ce littafin ya ambaci ciyawar sitronel da ake shayi da ita, wai ƙanshinta ya yi kama da wanda zuma ke fitarwa don kiran 'yan uwanta. Dattijon ya ce zai gwada. Ranar babu wanda ya tuna ruwa ya tsaya.

Wannan zaman shi ne ɗakin karatun da muke bukata, kuma sau ɗaya aka taɓa yin sa, shi ma ruwa ne ya tilasta. Abin da ke damuna, ba wanda ya rubuta ko kalma ɗaya cikin abin da dattijon ya faɗa. Yau ƙafa ta hana shi zuwa taro. Littafin Faransa in gara ta ci, ana iya samo wani. Abin da ke kansa babu inda aka buga shi.

Don haka ga abin da nake roƙo. A fito da littattafan daga ofis, wanda ba a buɗewa sai ranar taro, a kai su inda ake zama kullum. Ni na ba da kanta ɗaya a shagona, nesa da bango, daga safe zuwa isha'i, in kuma an samu wurin da ya fi nawa dacewa, na yarda. Maimakon jinginar kuɗi, a koma ga abin da muka sani tun kaka da kakanni: mai aro ya zo da ɗan ƙungiya ɗaya da zai tsaya masa. Mun san juna, mun san gidajen juna. Kunyar wanda ya tsaya maka ta fi sefa 5,000 nauyi. Kuma ina faɗin wannan ne a matsayin mai laifi, domin ni ma na taɓa riƙe littafin ƙungiya wata bakwai. Ba niyyar ci nake da ita ba. Sau uku ina kawo shi ina tarar da ƙofa a rufe, mai makulli ya yi tafiya, har na daina kawowa. Ina kyautata zaton cikin ukun da suka ɓata akwai wanda ke kwance a wani gida saboda wannan dalili, kuma in aka yi sanarwa cewa a dawo da shi ba tara ba tambaya, za a gan shi.

Littattafai huɗu ko biyar da aka fi nema, a ɗauki hoton shafukansu masu amfani a shagunan da ke wajen jami'a, a ɗinke, su ne za su riƙa shiga daji. Abin da za a kashe bai kai kuɗin sabon kwaɗo da gyaran kabad ba.

Sannan a ware rabin sa'a a ƙarshen kowane taro don karatu a bayyane. Mutum ɗaya ya karanta shafi biyu, a fassara da Hausa da Fulatanci, in akwai 'yan uwanmu Gbaya a wurin a fassara musu, don su ne ma suka fi mu daɗewa a wannan sana'a a yankin Maiganga. Fiye da rabinmu ba ma karanta Faransanci, wasunmu ajami suka iya, wasu ba su iya ko ɗaya ba, amma duk suna biyan kuɗin ƙungiya. Kabad ɗin da ke amfanar mutum goma cikin sittin ba na ƙungiya ba ne tukuna. A ɗauki muryar karatun da muhawarar a waya a tura ta WhatsApp, saboda na ƙauye, kuma saboda mata. Iyayenmu, ku duba wannan da kyau: tace zuma, narka kaki, ɗurawa a kwalba, duk a cikin gida ake yinsu, a hannun matan da ba su taɓa taka ofishinmu ba. Darajar zumarmu a kasuwa a hannunsu take tashi ko ta faɗi, amma babin tsafta da ajiya yana kulle a inda ba za su kai gare shi ba.

Abu na ƙarshe shi ne wanda na fi ƙwallafa rai a kansa. A sayi babban kundi mai bango mai ƙarfi a ajiye tare da littattafan. Duk wanda ya dawo da aro ya bar shafi ɗaya, da boko ko da ajami, ko ya faɗa a rubuta masa: abin da ya gwada, abin da ya yi, abin da bai yi ba. A rubuta ranar da maje ya fara fure a hanyar Tibati, ranar da zuma ta shiga amyar wane, ranar da ta gudu da abin da ake zargi. A tura matasa biyu gidajen dattawan da ba sa iya fitowa, su zauna da su, su rubuto. In aka yi shekara biyar ana haka, za mu mallaki abin da babu kantin da ke sayar da shi, wato littafin zumar Adamawa daga bakin masu ita.

Kada a ɗauka wannan son burge ne. Farar zumar Oku, a yankin Arewa maso Yamma, ta samu rajistar kariyar suna daga OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, a 2013, tare da masoron garin Penja. Ba a ba da irin wannan rajista sai masu abu sun rubuta dalla-dalla daga ina yake fitowa, yaya ake yin sa, me ya raba shi da na wasu. Adamawa ce ta fi kowane yanki a Kamaru fitar da zuma, amma tamu a jarkar man gyaɗa take tafiya kudu, babu suna, wani ya ƙara mata ruwan sukari a hanya a ce daga wurinmu take. Ranar da za mu so kare sunanta, takarda za a tambaye mu.

Kuma ba sai mun je nesa neman abin da za mu ƙara a kan littattafanmu ba. Jami'ar Ngaundere tana nan Dang, malamanta da ɗalibanta sun daɗe suna nazarin zuma da furannin da take sauka a kansu a kan wannan tudu. Cibiyar binciken aikin gona ta IRAD tana Wakwa. Ofishin ma'aikatar kiwo, wadda harkar zuma ke ƙarƙashinta, yana cikin gari. Wasiƙa ɗaya mai hatimin ƙungiya da sa hannun Shugaba, a nemi kwafin abin da aka rubuta game da zumar yankin nan, ta fi mana kwali guda na littattafan ƙasar ƙanƙara. In kwamiti ya rubuta, ni zan kai da ƙafata.

Ranka ya daɗe Shugaba, taro mai zuwa zan zo da kundin, na riga na saya da kuɗina, da littattafai biyu nawa na kaina da zan bai wa ƙungiya. Na kuma je na gaida dattijon nan a gida makon jiya. Ya ce in za a zo rubutawa a zo da hantsi, kafin rana ta yi zafi, kuma a zo kafin maje ya yi fure, don yana so ya nuna wa yaran bishiyar da ke bayan gidansa. Ina roƙon a sa maganar a farkon ajanda, kada magariba ta sake riskarmu.

Allah ya ƙara muku lafiya da haƙurin jagoranci.

Wassalam.

Naku,
ɗan ƙungiya, daga Ngaundere